Daga Fadar Katsina zuwa Manhajar Intanet: Yadda Saƙo Ke Samun Mai Shi

Kafin Turawa su shigo Katsina a 1903, yawancin masu riƙe da ƙauyukanmu a birni suke zaune, jakadu ke kai-komo. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, gundumomi suka daidaita, hakimai suka tare a ƙasashensu. Har yau Sarkin Ruma ne hakimin Batsari, Yarima kuma na Safana.

Tun daga nan, takardar haraji ko sammaci da za ta je ƙauye irin Darini ba sai fada ta san ƙofar gidan mutum ba. Gunduma kawai take dubawa. Hakimi ya duba gari, dagaci ya duba unguwa, mai unguwa ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Masu gina shafukan intanet ma nan suka ɓullo, da jerin adireshi ya yi wa manhaja ɗaya yawa. Django, da ya fito a 2005 daga wata jarida a Kansas ta Amurka, ya bar kowace ƙaramar manhaja ta riƙe adireshinta. Express ya kawo Router a 2014. In ka nemi /batsari/haraji, uwar manhaja ta karanta "batsari", ta cire shi, ta miƙa "haraji" ga 'yarta.

Sai dai akwai tarko. Daga sama ake bin jerin, wanda ya fara dacewa shi ke karɓa. In aka sa mai faɗin hannu a gaba, sai ya tare saƙon kowa, na ƙasa su wuni ba ko sallama.