Hausar Jazira da Matsayinta a Dangin Harsunan Cadi

Hausar da ake ji a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, har da yankin Managil, a ƙasar Sudan, reshe ce ta Hausar Afirka ta Yamma, wadda masana suka sanya a rukunin yamma na harsunan Cadi, wato harsuna fiye da ɗari da ake yi a Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, kuma Gwandara ce ta fi kusa da ita. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya kafa harsunan Cadi a cikin babban dangin Afro-Asiya, inda Larabci ma yake, don haka harsunan biyu da suka haɗu a Jazira 'yan'uwa ne na nesa. Alamar mace ta "t" da ke cikin "ta zo" tana nan a aikatau na Larabci.

Mahajjata sun daɗe suna ratsa Sudan, amma babban kwararo ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ja jama'ar da ta tsira, Fulani da Hausawa, zuwa kusa da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da laƙabinsa yake har yau. Kammala madatsar Sinnar a 1925 da noman audugar Jazira, sannan faɗaɗa shirin zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, sun jawo 'yan ƙwadago da suka zauna a zangunan gefen gonaki da ake kira kambo, mutanen ƙasar kuwa suka haɗa su duka a ƙarƙashin sunan Fallata.

A ƙasar Hausa yawancin aron Larabci ya shigo ta hannun malamai da littattafai, a nan kuwa Larabcin Sudan na kasuwa da gona da makaranta ne ke shiga bakin yara kullum, lamarin da Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nazarta a littafinsa na 1999.  Hausar Jazira tana raye a gida da wurin biki, amma kaɗan ne aka rubuta daga cikinta, kuma wannan giɓi ne babba a tarihin harshen.