Daga guga ɗaya zuwa famfon gida: yadda katunan kwamfuta ke raba hanya tun 1981

In ka taɓa buɗe cikin kwamfutar tebur, ka ga babban allon nan da masu gyara ke kira madabod, da dogayen ramuka jere a jikinsa. A nan ake soka katin hoto, katin sauti, katin intanet da sauransu. To in ka cika ramukan nan, shin kowane kati na da tasa hanyar zuwa firosesa, ko rabawa suke yi? Amsar ta sauya sau da yawa cikin shekara arba'in.

A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC mai ramuka 5, da hanyar bayanai mai faɗin bit 8. A 1984 samfurin AT ya faɗaɗa ta zuwa bit 16, ita ce daga baya aka raɗa wa suna ISA. Duk ramukan a kan wayoyi iri ɗaya aka jona su, wato rijiya ɗaya, guga ɗaya: in wani na jan ruwa, sauran sai jira. Ga kuma wata wahala. Da hannu ake saita wa kowane kati lambar da zai riƙa kiran firosesa da ita, in kati biyu suka haɗu a lamba ɗaya, sai ka ga kwamfuta ta ƙame.

A 1992 Intel ya kawo PCI: faɗin bit 32, gudun megahaz 33, wanda ke ba da kusan megabait 133 a daƙiƙa. Amma fa wannan 133 ɗin na kowa da kowa ne. Sai aka sa alƙali a kan allon. Kowane kati na da wayar neman izini da wayar karɓar izini, kuma in wa'adinsa ya cika wani na jira, dole ya saki hanya. Tsarin ya yi aiki har katuna suka fi ƙarfinsa. Katin intanet na gigabit shi kaɗai na iya neman megabait 125 a daƙiƙa, ka ga saura me ya rage wa sauran? Har ma a irin PCI mai megahaz 66, kati ɗaya mai 33 ya isa ya ja kowa ƙasa zuwa 33.

Katin hoto ne ya fara ficewa. A 1997 aka ba shi raminsa shi kaɗai, AGP, mai megabait 266 a daƙiƙa, wanda daga baya ya haura 2,000. Wannan ya nuna inda aka dosa.

A 2003 ƙungiyar PCI-SIG ta fitar da PCI Express, alluna masu ɗauke da shi suka shigo kasuwa a 2004. An jefar da guga, kowane gida ya samu famfonsa. Kowane rami na da layukansa, 1 ko 4 ko 8 ko 16, kuma kowane layi na aikawa da karɓa a lokaci guda. Layi ɗaya ya fara da megabait 250 ta kowane ɓangare, ya koma 500 a 2007, kusan 1,000 a 2010, kusan 2,000 a 2017, kusan 4,000 a 2019.

To shi kenan rabo ya ƙare? A'a, wuri kawai ya sauya, domin famfunan daga tanki suke. Firosesa na da adadin layukan da ba ya wucewa. A yawancin kwamfutocin gida, layi 16 aka ware wa katin hoto, kuma a alluna da dama in ka soka kati a babban rami na biyu, sai su rabu 8 da 8. Sauran ramuka, da USB, da SATA, ta wani guntu mai suna cifset suke bi, shi kuma bututu ɗaya ke haɗa shi da firosesa. A yawancin allunan Intel masu DMI 3.0, bututun bai wuce kusan megabait 3,900 a daƙiƙa ba, alhali ma'ajiyar NVMe ɗaya ta wancan zamanin na iya karanta 3,500. Haɗa biyu su yi aiki tare, ka koma layin rijiya.

Shi ya sa mutum kan sa sabuwar ma'ajiya a ramin M.2, ya kunna kwamfuta, ya ga tsohon faifansa ya ɓace, hankalinsa ya tashi. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, allon ne ya kashe wannan kafar SATA ya ba M.2 layinta. Haka kuma ramin da tsawonsa ya kai na layi 16 yana iya zama layi 4 kawai aka jona masa. Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon kati, buɗe littafin madabod ɗinka, ka nemi jadawalin da ke nuna wane rami ke raba layi da wane.