Tarihin Gudummawar Masu Karatu ga Jaridu da Fafutukar Neman Sauyi a Amurka

Gudummawar masu karatu hanya ce ta ɗaukar nauyin jarida, mujalla, gidan rediyo ko ƙungiyar fafutuka da kuɗin karo-karo na jama'a, maimakon dogaro da tallan kamfanoni, ko aljihun attajiri guda, ko baitulmalin gwamnati. A Amurka hanyar ta fi kafuwa a wajen masu ra'ayin kawo sauyi: waɗanda suka yaƙi bauta, da masu kare haƙƙin ma'aikata, da masu adawa da yaƙi da wariyar launin fata. Dalilin a bayyane yake. Aikin irin waɗannan mutane shi ne sukar masu iko da masu hannu da shuni, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihin wannan hanya ya kusa shekara 200, daga kuɗin da ake aikawa ta gidan waya zuwa wanda ake turawa ta wayar hannu.

Asali a zamanin yaƙi da bauta

A ranar 1 ga Janairun 1831 William Lloyd Garrison ya fara buga The Liberator a birnin Boston, jarida mai kiran a 'yanta bayi nan take. Garrison ba shi da dukiya. Baƙaƙen fata 'yantattu ne suka riƙe jaridar a shekarunta na farko, domin su ne kusan kashi uku cikin huɗu na masu biyan kuɗinta. James Forten, wani baƙar fata mai sana'ar ɗinkin tufafin jiragen ruwa a Philadelphia, ya biya kuɗin masu karatu 27 tun ana shirin farawa. Jaridar ba ta taɓa wuce 'yan dubban kwafe ba, amma ta rayu har Disamban 1865, watan da aka haramta bauta a kundin tsarin mulkin ƙasar.

Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya kafa The North Star a Rochester a 1847 da kimanin fam 500 da magoya bayansa suka tara masa a Birtaniya. Kuɗin bai jima ba ya ƙare, har ta kai shi ga jinginar da gidansa. Wata Baturiyar Ingila, Julia Griffiths, ita ta zo ta tsara masa harkar kuɗi ta kuma shiga neman gudummawa. Tun daga wannan lokaci aka ga fuskoki biyu na lamarin: 'yancin faɗar gaskiya, da kuma zama kullum a bakin talauci.

Appeal to Reason da rundunarta

Jaridar da ta nuna iyakar ƙarfin wannan hanya kafin zuwan rediyo ita ce Appeal to Reason, ta masu ra'ayin gurguzu, wadda J. A. Wayland ya kafa a 1895 ya kuma mayar da ita ƙaramin garin Girard na jihar Kansas a 1897. Kuɗinta na shekara bai kai dala ɗaya ba. Sirrinta shi ne dubban 'yan sa-kai, manoma da masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda suke bi gida-gida suna samo mata masu karatu ba tare da an biya su ba. Zuwa 1910 tana fitar da kwafe fiye da 500,000 a mako.

Da kuɗin waɗannan talakawa ne editanta Fred Warren ya ba marubuci Upton Sinclair dala 500 a 1904. Sinclair ya shafe mako bakwai a unguwar mayankar Chicago, ya rubuta The Jungle, wanda jaridar ta riƙa bugawa kashi-kashi a 1905. Ƙazanta da zaluncin da littafin ya fallasa sun tayar da hankalin ƙasar, suka taimaka wajen zartar da dokar duba nama da dokar tsaftar abinci da magunguna a 1906. Jaridar ta yi rauni bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta daina fita a 1922.

Tsakiyar ƙarni na 20

Jaridar PM ta New York ta gwada wata hanyar a 1940. Ta ƙi karɓar talla, amma ta jingina da attajiri guda, Marshall Field na Uku. Da asara ta yi yawa aka fara karɓar talla a 1946, editanta Ralph Ingersoll ya ajiye aiki, jaridar ta mutu a 1948. Ɗaya daga cikin marubutanta, I. F. Stone, ya ɗauki darasi. A 1953, lokacin da farautar 'yan kwaminis ta sa manyan jaridu suka juya masa baya, ya fara I. F. Stone's Weekly, mai shafi huɗu, kan dala 5 a shekara, babu talla ko ɗaya. Matarsa Esther ce ke kula da lissafin masu karatu. Ya fara da mutum kusan 5,000, ya rufe a 1971 da kimanin 70,000. Stone ya yi fice wajen tono gaskiya daga takardun gwamnati da kowa ya yi watsi da su, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka yi shakkar labarin harin Mashigin Tonkin na 1964, wanda aka kafa hujja da shi wajen faɗaɗa yaƙin Vietnam.

A fagen rediyo, Lewis Hill, mai aƙidar ƙin yaƙi, ya buɗe tashar KPFA a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Afrilun 1949, tasha ta farko a ƙasar da masu sauraro ke ɗaukar nauyinta. Lissafinsa shi ne idan kashi biyu cikin ɗari na masu sauraro suka biya, tashar za ta tsaya da ƙafarta. Rashin kuɗi ya rufe ta a 1950, masu sauraro suka yi karo-karo ta dawo a 1951. Daga cikin gidajen rediyon Pacifica da suka samo asali daga nan ne shirin Democracy Now! na Amy Goodman ya fito a 1996. Mujallar Mother Jones kuma, da aka kafa a San Francisco a 1976 a ƙarƙashin gidauniyar da ba ta neman riba, ta haɗa kuɗin saye da gudummawa. A 1977 ta buga binciken Mark Dowie kan motar Ford Pinto mai kamawa da wuta idan an buge ta ta baya.

'Yan siyasa ma sun ga amfanin abin. Richard Viguerie, na ɓangaren masu ra'ayin riƙau, shi ya fara ƙwarewa a neman kuɗi ta wasiƙa a tsakiyar shekarun 1960. A 1972 Morris Dees ya yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa George McGovern na jam'iyyar Democrat irin wannan aiki, ya samo masa dubban ɗaruruwan ƙananan masu ba da gudummawa, duk da cewa McGovern ya sha mummunan kaye.

Zuwan intanet

Wasiƙa tana da tsada da jinkiri. Intanet ta kawar da duka biyun. A Satumban 1998 ma'aurata Joan Blades da Wes Boyd suka kafa MoveOn da takardar koke mai kiran majalisa ta tsawata wa Shugaba Bill Clinton ta wuce wurin maimakon tsige shi. Adireshin waɗanda suka sa hannu ya zama tushen tara kuɗi ga 'yan takara da kuma adawa da yaƙin Iraƙi.

Yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na Howard Dean ne ya tabbatar da ƙarfin abin. A Yulin 2003, yayin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Dick Cheney ke shirya liyafar da kowane mahalarci zai biya dala 2,000, mutanen Dean suka ƙalubalanci magoya bayansu su zarce abin da za a tara a can. Cikin 'yan kwanaki suka haɗa fiye da dala 500,000. Dean ya zo na uku a zaɓen fid da gwani na Iowa a 2004 ya janye daga baya, amma hanyar ta zauna. A shekarar ne Benjamin Rahn da Matt DeBergalis suka kafa ActBlue, wadda ke karɓar gudummawa ta miƙa wa 'yan takarar Democrat da ƙungiyoyin fafutuka. Barack Obama ya tara kusan dala miliyan 500 ta intanet a zaɓen 2008. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United, wanda ya buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a kan zaɓe, ƙaramar gudummawa ta zama tutar siyasa. Bernie Sanders ya riƙa alfahari a 2016 cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne, kuma ya tara fiye da dala miliyan 200. Jam'iyyar Republican ta kafa tata hanyar, WinRed, a 2019.

Aikin jarida ma ya bi sahu, musamman da Google da Facebook suka kwashe kasuwar talla. Kuɗin tallan jaridun Amurka ya faɗo daga kusan dala biliyan 49 a 2005 zuwa ƙasa da biliyan 10 a 2020. Josh Marshall, wanda ya kafa Talking Points Memo a 2000, ya ɗauki 'yan jarida masu bincike da kuɗin da masu karatu suka tara. Rahotanninsu kan korar lauyoyin gwamnatin tarayya saboda siyasa sun taimaka wajen murabus ɗin Ministan Shari'a Alberto Gonzales a 2007, suka kuma jawo wa Marshall lambar yabo ta George Polk. A 2016 Mother Jones ta buga binciken Shane Bauer, wanda ya yi wata huɗu yana aikin gandiroba a wani gidan yari mai zaman kansa a Louisiana. Mujallar ta ce aikin ya ci kimanin dala 350,000, tallan da ke jikinsa kuwa ya kawo kusan dala 5,000 kacal. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna abin da ya sa bincike mai zurfi ya koma hannun masu karatu. A Birtaniya, The Guardian ta fara neman gudummawa a 2016 ba tare da rufe labaranta ga wanda bai biya ba, kuma zuwa ƙarshen 2018 mutum miliyan ɗaya sun ba da wani abu.

Matsaloli da suka

Kuɗin jama'a yana zuwa ne da motsin zuciya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta ACLU ta samu dala miliyan 24 a ƙarshen mako guda a Janairun 2017, bayan umarnin Donald Trump na hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka. Bayan kisan George Floyd a 2020, wata ƙaramar ƙungiyar biyan kuɗin beli, Minnesota Freedom Fund, ta samu fiye da dala miliyan 30, abin da ya fi ƙarfin ma'aikatanta. Bayan rasuwar Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg a Satumban wannan shekara, fiye da dala miliyan 90 suka bi ta ActBlue cikin sa'o'i 28. Irin wannan ambaliya ba ta ɗorewa, kuma ba kullum take zuwa inda aka fi bukatarta ba. A zaɓen majalisar dattawa na wannan shekara, Amy McGrath a Kentucky ta tara kusan dala miliyan 90, Jaime Harrison a South Carolina ya haura miliyan 100, dukansu suka faɗi da rata mai yawa, alhali ƙananan zaɓuɓɓukan jihohi da jaridun ƙananan garuruwa na fama da rashi.

Neman kuɗin kansa ya zama sana'a mai cike da saƙonnin tsoratarwa da wa'adin gaggawa na ƙarya. An kuma yi amfani da dabarar sanya mutum cikin biyan wata-wata ba da saninsa ba, har hukumar zaɓe ta tarayya ta nemi majalisa ta haramta hakan a 2021. Tsofaffi ne suka fi cutuwa da wannan. Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan zurfi: editan da ya kuɓuta daga mai talla zai iya zama mai tsoron ɓata wa masu karatunsa rai, ya riƙa ba su abin da suke so su ji.

Matsayinta a yau

Yawancin kafofin da suka daɗe suna haɗa hanyoyi ne: kuɗin zama mamba na wata-wata, da gudummawar sa-kai, da tallafin gidauniyoyi, da talla kaɗan. Tarihin ya nuna cewa waɗanda suka ɗore, daga Garrison zuwa Stone zuwa Mother Jones, su ne waɗanda suka bayyana wa jama'a inda kuɗinsu ke tafiya, suka nemi ɗan abin da mutum zai iya bayarwa a kai a kai, suka kuma yi aikin da babu wanda zai biya kuɗinsa in ba mai karatu ba. Amanar da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ita ce jarin wannan hanya gaba ɗaya, kuma duk kafar da ta salwantar da ita ba ta da wani wurin da za ta koma neman taimako.