Kai mota ƙasar waje na ɗan lokaci: Ƙa'idoji da takardun da ake buƙata

A kowace shekara akwai matafiya da kan ɗora motocinsu a jirgin ruwa ko na sama, su kai su wata ƙasa su tuƙa na wasu makonni ko watanni, sannan su komo da su gida.

Daga cikinsu akwai masu yawon buɗe ido da ke ratsa nahiyoyi, da masu shiga gasar tseren motoci, da 'yan Masar da Sudan da ke aiki a Saudiyya waɗanda kan tafi hutu gida da motocinsu. Akwai kuma attajiran Qatar da Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kan aika motocin alfarma birnin Landan idan zafi ya tsananta a ƙasashensu.

Wannan ya sha bamban da shigo da mota domin sayarwa, irin waɗanda ake saukewa a tashoshin Kwatano da Lome da Legas, a biya musu kuɗin fito, a ba su sabuwar lamba.

Motar da ta shiga ƙasa na ɗan lokaci baƙuwa ce a wurin jami'an kwastam. Ba a biya mata kuɗin fito, ba a kuma sauya mata lamba, bisa sharaɗi guda: za ta fita kafin wa'adin da aka ɗibar mata ya cika. Kusan duk takardun da ake nema, da kuɗin da ake ajiyewa, domin tabbatar da cika wannan alkawari ne.

Tushen dokar

Babbar yarjejeniyar da ta tsara wannan harka ita ce wadda aka sanya wa hannu a birnin New York a 1954, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kan shigar da motocin hawa na ɗan lokaci.

Yarjejeniyar ta bai wa mutumin da ke zaune a wata ƙasa damar shiga ƙasar da ta amince da ita da motarsa, tare da man da ke cikin tankinta, ba tare da ya biya haraji ba.

Sai dai ta hana a yi haya da motar a cikin ƙasar da ta karɓe ta. Dokokin ƙasashe kuma kan hana sayar da ita, ko bai wa mazaunin ƙasar aronta.

A 1956 an ƙulla wata makamanciyarta a Geneva domin motocin kasuwanci. A 1990 kuma aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Santambul, wadda ta tattara ƙa'idojin shigar da kayayyaki na wucin gadi a wuri guda.

Fasfon mota

Takardar da aka fi sani a wannan fanni ita ce Carnet de Passages en Douane, ko CPD a taƙaice, wadda matafiya kan kira fasfon mota. A Masar da Sudan da Saudiyya an fi kiranta tiriptik.

An soma amfani da ita a Turai tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙungiyoyi biyu ne ke kula da tsarin: AIT mai kula da harkar yawon buɗe ido, wadda aka kafa a 1898, da kuma FIA ta masu motoci, wadda aka kafa a birnin Paris a 1904.

Ba gwamnati ce ke bayar da takardar ba. Ƙungiyoyin masu motoci na ƙasa ne ke bayarwa, kamar ADAC a Jamus da TCS a Switzerland.

Ɗan littafi ne mai shafi 5 ko 10 ko 25, kuma yana aiki na shekara guda. A cikinsa akan rubuta sunan mai motar, da lambarta, da lambar inji, da lambar da masana'anta ta buga a jikinta, da launinta, da kuma kimarta.

Kowane shafi na ƙasa ɗaya ne, kuma an kasa shi uku. Idan motar ta shiga ƙasa, jami'in kwastam zai yage kashi na ƙasa ya ajiye. Idan za ta fita, a yage na tsakiya. Kashi na sama kuwa yana nan cikin littafin, kuma a kansa ake buga hatimin shiga da na fita.

Waɗannan hatimai biyu su ne shaidar mai motar cewa ya cika alkawari.

Kuɗin lamuni

Ƙungiyar da ta bayar da takardar ta tsaya wa mai motar ne. Idan motar ba ta fita ba, hukumar kwastam za ta nemi harajinta daga ƙungiyar masu motoci ta ƙasar da abin ya faru, ita kuma ta juya kan wadda ta bayar da takardar.

Saboda haka ne ba a bayar da CPD sai mai motar ya ajiye kuɗi, ko ya kawo takardar lamuni daga banki, ko ya sayi inshora ta musamman. Wannan daban yake da kuɗin sayen littafin kansa, wanda ba a mayarwa.

Yawan lamunin ya danganta da kimar motar da kuma ƙasashen da za ta shiga. A wasu ƙasashe harajin shigo da mota yakan zarce kuɗin motar kanta, shi ya sa lamunin zuwa Masar da Iran da Pakistan da Indiya ya fi na sauran wurare nauyi.

Ba a mayar da kuɗin sai an mayar da littafin, kowane hatimin shiga yana da na fita a kusa da shi. Akwai kuma shafi na ƙarshe da jami'an kwastam kan cika, domin shaida cewa sun ga motar da idonsu bayan tafiyar.

Kowace ƙasa da tsarinta

Ƙasashe da dama ba sa neman CPD, domin suna da nasu hanyoyin.

Amurka tana barin baƙo ya shiga da motarsa ba tare da haraji ba har na shekara guda. Idan motar ba ta cika ƙa'idojin ƙasar na kare lafiyar fasinja da na hayaƙi ba, wajibi ne a fitar da ita cikin shekarar, ba a ƙara wa'adi, kuma haramun ne a sayar da ita. Ana kuma buƙatar amincewar hukumar kare muhalli ta EPA tun kafin a ɗora motar a jirgi.

A Tarayyar Turai wa'adin wata shida ne ga motar da ke da rajista a wata ƙasa, matuƙar mai ita ba mazaunin Tarayyar ba ne. Birtaniya ma wata shida take bayarwa a cikin kowane wata 12.

A Mexico bankin Banjercito ne ke bayar da izinin shiga da mota cikin ƙasar, bayan an ajiye dala 200 zuwa 400, gwargwadon shekarar da aka ƙera ta.

China kuwa ba ta karɓar CPD, ba ta kuma amince da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ba. Baƙo yana buƙatar lambar mota da lasisi na wucin gadi na ƙasar, kuma akan shirya tafiyar ne ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista.

A ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, musamman masu amfani da Faransanci, ana bayar da takardar wucewa a bakin iyaka, wadda ake kira laissez-passer ko passavant. Wa'adinta gajere ne, kuma sai an sabunta ta a ofishin kwastam kafin ya cika.

Yadda ake ɗaukar motar

Hanyoyi biyu ne aka fi bi ta ruwa.

Ta farko ita ce jirgin da ake kira Ro-Ro, wanda ake tuƙa mota a shiga da ita cikinsa, a kuma tuƙo ta a fito. Yawanci ya fi arha, kuma yana ɗaukar manyan motoci. Amma sai an bar makulli a hannun ma'aikatan tasha, kuma kamfanoni kan hana barin kaya a cikin motar.

Ta biyu ita ce kwantena. Ƙaramar, mai tsawon kimanin mita 6, tana ɗaukar mota ɗaya. Babbar, mai mita 12, tana iya ɗaukar biyu, abin da kan sa matafiya su haɗa kai su raba kuɗi. Tsayin ƙofar kwantena bai wuce mita 2.3 ba, sai dai mai tudu wadda ke kai kusan mita 2.6, don haka sai an auna motar tukuna.

Kamfanoni kan nemi kada man da ke tanki ya wuce rubu'i, a fitar da tukunyar gas, sannan a cire kan batir idan a kwantena ce.

Akwai kuma jiragen fito da ke ɗaukar mutum tare da motarsa, kamar waɗanda ke ratsa Bahar Maliya daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar.

A wasu wurare ba makawa sai an bi ta ruwa. Babbar hanyar da ta ratsa nahiyar Amurka daga arewa zuwa kudu ta katse a dajin Darien, tsakanin Panama da Kolombiya, na tsawon kimanin kilomita 100. Matafiya kan ɗora motocinsu a tashar Colon, su karɓe su a Cartagena.

Jirgin sama ya fi sauri, amma kuɗinsa ya ninka na ruwa sau da yawa.

Ranar sauka

Kuɗin jirgi wani ɓangare ne kawai na abin da za a kashe. A tashar da aka sauka akwai kuɗin sauke kaya, da ladan wakilin da zai yi fiton motar, da kuɗin bincike. Idan motar ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta, za a soma lissafa kuɗin ajiya a kowace rana.

Ba a sakin mota sai an nuna takardar shaidar lodi da kamfanin jirgin ya bayar, kuma dole sunan da ke cikinta ya dace da na fasfo da na takardun motar.

Tsabta ma sharaɗi ce. Amurka da Ostireliya da New Zealand suna duba ƙarƙashin mota da tayoyinta, domin hana shigar ƙasa da ƙwari da irin ciyayi da za su cutar da gonakinsu. Motar da aka samu da taɓo za a wanke ta a sake dubawa, mai ita ne kuma zai biya.

Lasisi da inshora

CPD ba rajista ba ce, ba kuma inshora ba ce. Wajibi ne takardun motar na gida su kasance suna aiki har ƙarshen tafiyar.

Direba yana buƙatar lasisinsa na gida tare da na ƙasa da ƙasa. Wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Geneva ta 1949 yana aiki na shekara guda, na yarjejeniyar Vienna ta 1968 kuma yana iya kai shekara uku. Ba kowace ƙasa ce ke karɓar duka biyun ba.

Yarjejeniyoyin sun kuma tanadi a liƙa alamar ƙasa a bayan mota, kamar RN ta Nijar, da GH ta Ghana, da D ta Jamus. Birtaniya ta sauya tata daga GB zuwa UK a 2021.

Game da inshorar biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna, yankuna da dama suna da kati na bai-ɗaya. Turai tana da koren kati, ƙungiyar COMESA ta gabashi da kudancin Afirka tana da rawaya, ƙungiyar ECOWAS kuma ta kafa nata mai ruwan ƙasa a wani taro da aka yi a Kwatano a 1982. Motar da ta zo daga wajen yankin sai ta sayi inshora a bakin iyaka ko a tashar da ta sauka.

Wasu birane suna da dokokin hayaƙi da suka shafi motocin baƙi. A Landan, tun daga watan Agustan 2023, motar da ba ta cika ƙa'ida ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da aka tuƙa ta a cikin birnin.

Idan an gamu da tsautsayi

Diyyar da doka ta ɗora wa kamfanin jirgin ruwa tana da iyaka, kuma sau da yawa ba ta kai kimar mota ba. Shi ya sa ake sayen inshorar teku daban.

A watan Fabrairun 2022 gobara ta tashi a jirgin Felicity Ace, wanda ya taso daga Jamus zuwa Amurka da motoci kusan 4,000. Ya nutse kusa da tsibiran Azores a ranar 1 ga watan Maris.

Bisa wata tsohuwar ƙa'idar sufurin teku, idan aka yi hasara wajen ceto jirgi, akan raba ta tsakanin mai jirgin da duk masu kaya, har da waɗanda kayansu suka tsira.

A kan tudu kuwa, sace mota ba lallai ne ya ɗauke wa mai ita haraji ba, domin a wurin kwastam ta shiga ba ta fita ba.

Idan hatsari ne ya lalata ta, yarjejeniyar 1954 ta bai wa hukuma zaɓi uku: ta karɓi haraji, ko ta karɓi motar kyauta, ko a rusa ta a gaban jami'ai. Ko wanne aka yi, sai an rubuta shi a cikin littafin.

Hukumar kwastam tana da shekara guda bayan ƙarewar wa'adin CPD ta shigar da buƙatarta, don haka takardar neman haraji tana iya iske mutum ya daɗe da komawa gida.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Amsar ta danganta da tsawon tafiyar. Ga mai zuwa na mako biyu ko uku, hayar mota a can ta fi sauƙi, tun da jigilar kanta, zuwa da dawowa, tana cin makonni.

Ga mai tafiyar watanni, ko wanda zai ratsa ƙasashe da yawa, ko mai motar da aka yi wa gyara na musamman saboda nakasa ko doguwar tafiya, kai tasa yana iya fiye masa alheri.

Ko wanne ya zaɓa, ƙa'idoji suna sauyawa, kuma hukumar kwastam ta ƙasar da za a je ita ke da ta cewa. Wanda ya kai tasa kuma, kada ya bar bakin iyaka ko tashar jirgi sai ya ga an buga masa hatimin fita, domin da shi ne kuɗin da ya ajiye zai dawo hannunsa.