Labarin Ƙasa a Ƙasar Hausa: Daga Zango Zuwa Taswira

Fannin da Turawa ke kira jogurafi, watau siffanta duniya a bakin Yunanawa, Hausawa sun raɗa masa suna labarin ƙasa. Sunan kuwa ya dace, domin da baki aka fara riƙe wannan ilmi. Madugun da ke kai ayari Gwanja ya san zango-zango, da inda rijiya take, da inda ake biyan fito. Manomin Achilafiya ko na Roni ba ya bukatar littafi kafin ya rarrabe jigawa da fadama, ko dabaro da fako. Har sunan da aka ba jihar a 1991, Jigawa, daga cikin kalmomin nan aka ɗauko shi.

Malamai kuma sun gaji wani reshe daga Larabawa, irin su Idrisi, wanda ya gama littafinsa a 1154, ya kasa duniyar da aka sani iƙlimi bakwai. A nan gida babu wanda ya kai Muhammadu Bello. A farkon Infaƙul Maisuri, wanda ya wallafa a 1812, ya bi ƙasashen Tukururu ɗaya bayan ɗaya, da mutanensu da albarkatunsu.

Sa'ad da Kilafaton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, babban abin da ke ransa shi ne sanin inda Kwara ta ƙare, gama masanan Turai sun daɗe suna gardama a kai. Ya ce Sarkin Musulmi Bello ya zana masa kogin a ƙasa, ya nuna masa ya faɗa teku. Amma taswirar takarda da aka ba shi, wadda aka buga a Landan a 1826, ta miƙa da kogin gabas, ta haɗa shi da Nilu na Masar. To, yaya aka yi haka? Waɗansu sun ce mai zanen ya bi abin da ya tarar a littattafan Larabawa ne kurum. Waɗansu kuwa sun ce da gangan aka yi, don kada a buɗe wa baƙo hanyar ruwa zuwa cikin ƙasa. Magana ta biyu ba abin rainawa ba ce, domin Bello ya riga ya san abin da Ingilishi suka yi a Indiya, har ya yi wa baƙon nasa zancensa. Sai a 1830 Landa ya bi kogin har bakin teku, gardama ta mutu.

Bayan shekara saba'in taswira ta dawo da wata fuska. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinke a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce iyaka ke nan. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ruwa, sai aka sake gyara a 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho da O'Shee suka bi layin suna kafa alamu, shi ne wanda ya bi ta arewacin Ɓaɓura, ya bar dangi ɗaya a ƙarƙashin tuta biyu. A makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma, ana koyar da labarin ƙasa tare da awo, gama En'e na neman malaman da za su auna gonaki saboda haraji.

Fannin bai zama na bincike sosai ba sai da aka kafa kwalejin Ibadan a 1948, inda Akin Mabogunje ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai matsayin farfesa a cikinsa. A Arewa kuwa, bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Michael Mortimore ya duƙufa a kan karkarar da ke kewaye da Kano. Masana da yawa sun ɗauka cunkoson jama'a kashe ƙasa yake yi. Shi kuwa ya tarar gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu suna nan da ransu, saboda takin dabbobi, da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna, da itatuwan da manomi ke bari a gona.