Byang Kato: Ɗan Kwoi Mai Faɗa Ba Shakka

Idan ana lissafa malaman tauhidin Kirista na Afirka waɗanda suka yi fice wajen faɗin ra'ayinsu ba tare da shakkar kowa ba, da wuya a tsallake Byang Kato. A wannan maƙala za mu duba abubuwan da suka gina shi, domin a ganinmu kaifin harshensa ya samo asali ne tun daga ƙuruciya.

An haifi Kato a shekarar 1936 a ƙasar Kwoi ta ƙabilar Ham, wadda Hausawa ke kira Jaba, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Mahaifinsa mai riƙo ne da addinin gargajiya, kuma burinsa yaron ya tashi a hidimar tsafi. Amma yana ɗan shekara 12 ya karɓi addinin Kirista a makarantar mishan ta SIM, abin da ya jawo masa fushin mahaifinsa ƙwarai. Tun daga nan ya koyi tsayawa kan abin da ya gaskata ko da zai sha wuya.

Ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Igbaja, sannan a Landan. A 1967 ya zama babban sakataren ekklisiyar ECWA. Daga baya ya tafi Dallas ta Amurka ya sami digirin dakta, kuma a 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska.

A wancan zamani na bayan samun 'yancin kai, malamai irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya suna ɗaukaka matsayin addinin gargajiya a cikin tauhidi. Kato ya fito fili ya soke su a littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975. Hujjarsa ita ce Kirista ya riƙe harshensa da kiɗansa da suturarsa, amma kada ya cuɗa imaninsa da tsafi. Wasu, kamar Kwame Bediako na Ghana, sun ga tasirin malamansa Turawa ya yi masa yawa. Mu kuwa muna ganin bai kamata a manta cewa abin da yake suka a gidansu ya san shi ba, ba a littafi ba.

Kato ya rasu a watan Disamba na 1975, sakamakon nutsewa a teku kusa da Mombasa, yana ɗan shekara 39. Tambayar da ya tayar, wato ina iyakar al'ada take a cikin addini, har yanzu Kirista da Musulmi ba su gama amsa ta ba.