Alkawari a Bainar Jama'a: Yaushe Yake Hana Cin Zarafin Mata?

Gabatarwa

Cikin dabarun da masu yaƙi da cin zarafin mata suka fi dogara da su akwai tara jama'a a fili domin su ɗauki alkawarin daina wata mummunar ɗabi'a. Hikimar abin ita ce, wanda ya furta magana gaban shaidu zai ji kunyar saɓa ta. Wannan nazari ya kwatanta gangami biyu, ɗaya daga Kanada, ɗaya daga Senegal, domin gano abin da ke sa wani alkawarin ya yi tasiri, wani kuma ya ƙare a ranar taro.

Farin ƙyalle a Kanada

Ranar 6 ga Disamba 1989 wani ɗan bindiga ya shiga kwalejin koyon injiniya ta birnin Montreal, ya ware mata daga maza, ya kashe mata 14. Sakamakon wannan kisa, a 1991 wasu maza, cikinsu har da Michael Kaufman da ɗan siyasa Jack Layton, suka kafa gangamin White Ribbon. Namiji zai maƙala farin ƙyalle a rigarsa, alamar ya yi alkawarin ba zai ci zarafin mace ba, ba zai goyi bayan mai yi ba, kuma ba zai gani ya yi shiru ba. Gangamin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ya yi rawar gani wajen nuna cewa nauyin gyara a kan maza yake.

Sai dai alkawarin yana da rauni biyu. Na farko, ɗaukarsa ba ta da tsada, domin mai dukan matarsa ma zai iya maƙala ƙyalle ya fita. Na biyu, laifin a cikin ɗaki ake aikata shi, waɗanda suka shaida alkawarin kuwa ba sa nan ranar da za a saɓa shi. A Ostireliya, inda gangamin ya yi suna sosai, masu suka sun daɗe suna cewa alama ta fi aiki yawa, kuma ƙungiyar ta can ta durƙushe saboda matsalar kuɗi a Oktoba 2019, kafin wata ƙungiya ta karɓi ragamarta.

Shelar Malicounda

A Yuli 1997 matan ƙauyen Malicounda Bambara, kusa da Mbour a Senegal, suka yi shelar daina yi wa 'ya'yansu mata kaciya. Kafin nan sun daɗe suna halartar darussan lafiya da haƙƙin ɗan'adam na ƙungiyar Tostan, wadda Molly Melching ta kafa, kuma da harshen gida ake koyarwar. Shelar ta fusata maƙwabta. Limamin Keur Simbara, Demba Diawara, shi ya gano bakin zaren: ƙauye ɗaya ba zai iya dainawa shi kaɗai ba, domin 'ya'yansa mata a ƙauyukan dangi suke aure, kuma a can babu mai auren wadda ba a yi wa kaciya ba. Sai ya bi ƙauyukan da suke auratayya da su ɗaya bayan ɗaya, yana zama da dattawa da mata. A Fabrairu 1998 ƙauyuka 13 suka haɗu a Diabougou suka yi shela tare. A Janairu 1999 majalisar ƙasar ta haramta al'adar.

Masanin siyasa Gerry Mackie ya riga ya yi hasashen haka a wata maƙala ta 1996, inda ya kwatanta kaciyar mata da al'adar ɗaure ƙafafun 'yan mata a ƙasar Sin. Waccan al'ada ta shafe ƙarnuka, amma ta mutu cikin ƙanƙanin lokaci bayan da iyaye suka kafa ƙungiyoyi a ƙarshen ƙarni na 19, suna alkawarin abu biyu: ba za su ɗaure ƙafar 'ya'yansu mata ba, kuma ba za su bar 'ya'yansu maza su auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan alkawarin, domin shi ya kawar da tsoron rasa miji.

Iyakar wannan dabara

Ko a Senegal ɗin, dubban ƙauyuka sun yi shela, amma ƙididdigar ƙasa ta ci gaba da nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mata masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya. Wani bincike da Charles Efferson da abokan aikinsa suka buga a 2015, kan ƙauyuka 45 na jihar Jazira a Sudan, ya gano cewa gidaje masu yin kaciyar mata da marasa yi suna zaune a ƙauye ɗaya. Ke nan ba ko'ina ne tsoron idon jama'a yake riƙe da al'adar ba. Inda dalilin ya kasance aƙidar gida, shela ba za ta wadatar ba sai an sauya tunanin iyayen.

Abin da ya shafe mu

Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, gwamnoni kuma suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a Yuni 2020. Duk shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, ana tarukan wayar da kai inda manya ke sa hannu a alluna. Mai fyaɗe dai ba idon jama'a ke sa shi aikatawa ba, don haka alkawarin "ba zan yi ba" ba zai hana shi komai ba. Abin da idon jama'a ke riƙe da shi a ƙasar Hausa shi ne rufin asiri. Uba yana janye ƙara ne saboda tsoron 'yarsa za ta rasa mijin aure, dattawan unguwa kuma su ce a sasanta a gida. A wannan gaɓar ce darasin Diabougou yake da amfani.

Kammalawa

Alkawarin bainar jama'a yana tasiri idan ya cika sharuɗɗa uku: ilimi ya gabace shi, waɗanda suka ɗauke shi su kasance masu auratayya da zaman tare, kuma a iya ganin wanda ya saɓa. Saboda haka alkawarin da ya kamata masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata su nema shi ne na gidajen unguwa baki ɗaya: ba za a sasanta fyaɗe a zaure ba, ba za a goranta wa yarinyar da aka zalunta ba, kuma ba za a hana ɗa aurenta ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma masu shirya taro su tabbata sun ɗora wa jama'a wanda za a iya tambayarsu a kansa bayan an watse.